Ranar da na ƙara wa Kawu aure

Bakina ne ya ja mini. Muna cin abincin Lahadi a gidan surukata a Aberdeen ta Sikotland, na ce ai mu a Zariya yaro ɗan shekara goma zai jero maka kakanninsa har bakwai ba tare da duba takarda ba. Ni kaina a na huɗu nake cijewa, amma wa zai bincika? Mama ba ta ce uffan ba. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon gwangwanin biskit, ta zaro hoton wani mutum mai gashin baki kamar tsintsiya. Yayan kakanta ne, daga wani ƙauyen masunta kusa da Buckie. Ta ce ba wanda ya san ƙarshensa, tunda ni gwanin asali ne in nemo mata shi. Sunansa ba zan faɗa ba, na riga na yi wa gidan isasshiyar ɓarna. Mu kira shi Kawu.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Tun 1855 Sikotland ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kuma tun 1841 ake ƙidayar mutane gida-gida duk shekara goma. An zuba tsofaffin takardun a shafin ScotlandsPeople. Duba jerin sunaye kyauta ne, amma buɗe ainihin takardar sai ka biya. Kuɗin ba yawa, abin da ya cuce ni ke nan, kamar gyaɗa ce, ba ka sanin ka cinye mudu sai ka ga ɓawo. Cikin mako biyu ina kwana gaban kwamfuta, na buɗe takardun mutanen da ko maƙwabtan Kawu ba su ba ne. Uwargida ta ga saƙon banki, ta karɓe katin ta jefa a jakarta. Daga ranar na koma cin na kyauta.

Kafin a karɓe katin na ga Kawu a ƙidayar 1911, matashi, masunci. Zamanin kifin herin ne, wanda ake kira shawa a kasuwanninmu. Ana bin sa daga tsibiran Shetland da bazara har Great Yarmouth ta Ingila da kaka, mata na feɗewa suna cusawa a ganga da gishiri, a kai Jamus da Rasha. Na kuma gan shi a ƙidayar 1921, a Lerwick, babban garin Shetland. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin ran 19 ga Yuni aka yi ƙidayar, lokacin masunta duk suna arewa.

Abin da ya tsinka mini zare shi ne ranar Asabar da na tuƙa mota zuwa ƙauyen. A jikin dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, ga sunan Kawu ɓaro-ɓaro. Sojan ruwa sun ɗebi jiragen masunta da mutanensu a wancan yaƙi, da yawa ba su dawo ba. Kusa da sunan akwai wata 'yar kalma, na ɗauka muƙaminsa ne na soja, har na ɗan ƙame. To amma wanda ya mutu kafin 1918 me ya kai shi Lerwick a 1921? Na koma jerin aure na kyauta, sai ga sunan nan sau biyu, shekara ɗaya, gunduma ɗaya, mata daban.

Na ce alhamdulillahi, asiri ya tonu. Mutumin nan mata biyu ya ajiye a ƙasar da ake ɗaure mutum kan haka, da wuta ta yi wuta ya bari aka ce teku ta ci shi, ya sulale arewa. Daren nan na kira mahaifiyata a Zariya na fesa mata. Hajiya ta yi ta dariya, ta ce dama ita tun ranar ɗaurin aure ta ga alamar mutanen nan suna da asali.

Na bari sai daren sabuwar shekara, da suke kira Hogmanay, dangi sun cika falo. Na miƙe da takarduna, na gyara murya. Da na zo kan mata biyu, cokalin Mama ya faɗi. Da na zo kan mutuwar ƙarya, wani ƙanenta dattijon coci ya tashi ya fita shan iska, ana zuba ƙanƙara.

Can kusurwa akwai Gwaggo, ta haura tamanin, da na ɗauka barci take. Ta yi magana da Doric ɗinsu, wanda ko Baturen Landan sai da tafinta, uwargida na fassara mini tana danne dariya.

"Ɗan nan, wanne daga cikinsu kake nufi?"

Na ce, "Gwaggo, ai shi ɗaya ne."

Ta ɗaga yatsu uku. Al'adarsu ita ce ɗan fari namiji a sa masa sunan kakansa na wajen uba, na biyu sunan kakansa na wajen uwa. 'Yan'uwa uku suka yi aure kusa da kusa, kowa ya haifi namiji, kowa ya mayar da sunan tsohonsu. Ga ƙauyen rabinsa sunan dangi ɗaya ne, shi ya sa kowane gida ke da laƙabinsa, da shi ma mai kai wasiƙa ke gane ƙofa. 'Yar kalmar da na ƙame wa a jikin dutse laƙabi ce. Ɗaya ya mutu a yaƙi. Ɗaya shi ne na Lerwick. Auren biyu na mutum biyu ne, domin masunta kan yi bikinsu a jere in an dawo daga Yarmouth aljihu da nauyi. Kuma takardar aure a Sikotland na ɗauke da sunan uba da na uwa har da sunan gidan su uwar, da na buɗe ko guda da magana ta ƙare. Na juya na kalli jakar uwargida. Ta kalli silin.

Na ce to Kawun hoton fa? Gwaggo ta sa tabarau ta duba. Ta ce wannan ai na ukun ne, maƙerin ganga, ko kwalekwale bai taɓa hawa ba don amai yake yi. Bai yi aure ba, ko ɗaya. Yana kwance a maƙabartar da na ajiye mota a jikin katangarta ranar Asabar ɗin nan.

Abin da ya fi ci mini rai, a gidanmu Muhammadu huɗu ne, duk sunan kakanmu: Abba, Baba Ƙarami, Mamman, da ni da nake wannan bayani.

Washegari na kira Hajiya in gyara zance. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Kai dai rufa musu asiri kake yi, kuma ka kyauta, surukai ne." Ta riga ta gaya wa duk matan unguwa. Har yau in mun yi waya sai ta ce in gaishe da Mama, in tambaye ta ita ɗakin uwargidan ta fito ko na amarya.