Noman rani a buhun siminti

Duk wanda yake cefane a gidansa ba zai manta da Babbar Sallar 2024 ba. Tumatir ya yi tsadar da sai ka fara gaishe da mai tire da ladabi kafin ka tambayi kuɗin kashi ɗaya, har ana ta labarin a kasuwannin kudu babban kwando ya haura naira dubu 100. Manoma suna cewa tsutsar tumatir da ake kira sharon ce ta shiga gonaki, ga shi dama lokacin ba na tumatir ba ne, na rani ya ƙare na damina bai iso ba.

To mu a gidanmu akwai wata al'ada tun Baba yana raye, Allah ya jiƙansa, kowace Sallah in an sauko daga idi gidan Hajiya ake haɗuwa a cikin gari, 'ya'ya da surukai da jikoki kowa da kowa, a yi tuwon shinkafa da miyar taushe a zuba a kwanuka yara su yi ta kai wa maƙwabta, sannan a dafa shinkafa da miya ta mutanen gida. Kuma kowa da abin da aka ɗora masa. Yaya shi ne na shinkafa, ƙanina lemo da ruwan leda, autarmu cincin da dubulan, ni kuwa tun ina sabon ma'aikaci aka rataya min kayan miya da na salak wai shi ne mai sauƙi. Mai sauƙi fa!

A wannan Sallar dai kauɗa na kai da tumatirin leda. Hajiya ta buɗe ledar ta leƙa, ta ɗago ta dube ni ta ce "wannan na miya ne ko na rini?" Daga nan aka shiga karatu, wai su da suka taso ba a sayen ganyen miya, zogale yana bayan ɗaki, kabewa tana kan danga, rama da yakuwa suna gefen rijiya, yanzu kuwa mun shafe ko'ina da siminti mun koma cin miyar da ba mu san ubanta ba. Ni kuma da yake bakina ba ya shawara da aljihuna, a gaban kowa na ce Hajiya ki kwantar da hankalinki, in sha Allahu Sallar azumi daga gonata za a ci. Yaya ko ɗago kai bai yi daga kwanonsa ba ya ce "wace gonar?"

Gidan haya nake, tsakar gidan duk siminti ne, in ka cire wajen shanya da inda nake ajiye babur abin da ya rage bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Amma ai ba a fafe gora ranar tafiya, hunturu na shigowa cikin Nuwamba na fara shiri, don duk wanda ya san lambu ya san wannan sanyin shi tumatir da latas da kabeji da karas suke so, da zarar zafi ya kama furen tumatir zubewa yake. Na kalli bidiyon noman buhu a YouTube har data ta ƙare, na je wajen wasu magina a bayan layinmu na roƙi buhunan siminti, na sa aka kawo min ƙasa a baro, na sayo irin tumatir ɗan UTC da na latas, taki kuma maƙwabcina mai kiwon kaji ya ce in zo in kwasa kyauta, har da godiya yake min, a lokacin ban gane dalilin godiyar ba.

Wari jama'a. Kwana da kwanaki ba mai iya cin abinci a tsakar gida, uwargida in za ta wuce sai ta toshe hanci da bakin mayafi, baƙi in sun yi sallama sai su ce a'a daga nan ƙofa ma ya isa sauri muke. Sannan na yi dashe, washegari duk 'yan shukar sun kwanta sun ƙone. Baba mai gadin layinmu, mutumin wajen Kura ne ya yi noman rani tun yana yaro, ya leƙo ya damƙi ƙasar ya sansana ya ce "Alhaji ai wannan kashin kajin ɗanye ne, wuta ce ka zuba musu, sai ya ruɓe ya huce ake sa shi, kuma ba a dashe da rana tsaka, da yamma ake yi a bi da ruwa." Ni dai har yau ina ganin irin ne ba shi da kyau, amma saboda girman furfura na bi maganarsa, na sake reno, bayan sati uku zuwa huɗu na sake dashe da la'asar, suka kama.

Sai maganar ruwa. Mu famfon unguwarmu ado ne, 'yan ga-ruwa ne suke riƙe da mu, ga iskar hunturu da ka zuba ruwa da safe kafin azahar buhun ya bushe ƙayau. Mai ruwan da a da sai na yi ta kiransa a waya yanzu shi yake buga min ƙofa da sassafe da kurarsa yana tambayata ya amfanin gona. Uwargida kuwa ba ta ce min komai ba, sai kawai ta samu bayan littafin lissafin yarinyarmu ta fara rubuta duk jarkar da ta tafi buhu. Wata rana ta tsaya da bokiti a hannu ta ce "Abban yara, wannan jarkar ta ƙarshe ta wanki ce ko ta surukan naka?" Na ce a ba tumatir, wanki ya jira. Wanka ma na rage shi, wannan kam ba wata sadaukarwa ba ce tunda a sanyin Janairu dama uzuri nake nema.

Ƙadangaru su ne suka fara buɗe kasuwa, jan gwada guda ɗaya yana zaune kan katanga yana gyaɗa min kai ina juya baya ya sauko kan latas. Na ciro tsohon gidan sauro na lulluɓe buhunan. Da na ga wasu fararen zane-zane a jikin ganyen tumatir gabana ya faɗi na ce shi ke nan sharon ta biyo ni har gida, Baba mai gadi ya ce in daka ganyen darbejiya in jiƙa ya kwana in tace in yayyafa. Turmi yana hannun maƙwabta, sai na ɗauki blanda ɗin uwargida na markaɗa, na ɗauraye shi tas a ganina na mayar inda yake. Da safe ta markaɗa gyaɗar kunu a ciki. Yaron nan namu ƙarami ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofi ya dubi uwarsa da hawaye ya ce "Umma me na yi?" Ranar shayin mai shayi muka sha, kuma ni na biya.

Amma fa sun yi. Cikin Fabrairu tumatir ya nuna, ja jawur, na tsinka na cika wani ɗan kwanon sha, na goge kowanne da hankici na jera na ɗauki hoto na sa a status na rubuta daga gona zuwa tukunya. A satin ne ɗaurin auren wani abokin aikinmu ya kai mu Zariya, muna isa Kwanar Gafan na ji jikina ya yi sanyi. Kwanduna ne iya ganinka, manyan motoci ana ta lodi zuwa kudu, a gefen titi kuma wanda ya rasa mai saye an yayyanka an baza a rana ana kauɗa. Duk tumatirin Kadawa da Kura da Bunkure da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, ruwan da ke bin kwata ya shigo gona da ƙafarsa ba mai turo shi a kura, ashe shi ma a wannan watan yake nuna. Wanda ke kusa da ni a mota ya sayi kwando guda ya faɗi kuɗin, na yi lissafi a zuci na ga bai kai abin da na ba mai ruwa a sati biyu ba, sai na ce masa ai na kasuwa duk magani ne, nawa kuwa na gargajiya ne. Ya ce haka ne, ya miƙo min guda biyar wai in kai wa iyali.

Azumi ya kama ranar 1 ga Maris, zafi ya biyo bayansa. Fure ya fara zuba, tumatir ɗin da ya rage muka yanka a kwaɗon buɗa baki, kafin goma ta tsakiya buhunan sun koma kara. Abin da ya rage min na fita kunyar Hajiya shi ne latas da na sake shukawa a makare, na yi masa rumfa da tsohon zani don kar rana ta sa ya yi tsiri ya yi ɗaci, ina ba shi ruwa safe da yamma ni kuwa ina azumi leɓe a bushe, kai har magana nake masa.

A goman ƙarshe uwargida ta ce gara a sayi kajin Sallah da wuri kafin su yi tsada, aka kawo zakaru uku aka ɗaure su da tsumma a ƙafa can gefen ɗakin girki. Na ce mata tsumman nan fa? Ta ce tun kafin in san buhu take ɗaure kaji. Ranar na dawo daga tahajjud, aka yi sahur aka yi asuba na kwanta na ce kar wanda ya tashe ni. Wajen ƙarfe 10 na fito ina miƙa, na tarar da gidan sauro a ƙasa, zakara ɗaya a cikin buhu yana tona har ƙasa na tashi, biyun suna ƙarasa na gefe, yara uku kuma suna zaune a dakali sun yi tagumi suna kallo. Na ce ku kuna gani ba ku kore su ba, ba ku kira ni ba? Babbar ta ce "Abba kai ka ce kar a taɓa maka gona, kuma ka ce kar a tashe ka."

Ran jajibere na ɗauki yarinyar a babur muka tafi kasuwar Yankaba, na sayi tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da latas a farashin jajibere, wanda ya taɓa saya ya san me nake nufi. Da muka dawo na zazzage komai daga leda na jera a kwandon gida, har 'yar ƙasar buhuna na ɗan shafa a gindin latas ɗin. A hanya na saya mata alawar da za ta sha in an sha ruwa, muka yi magana ta fahimta.

Ranar Lahadi 30 ga wata aka yi idi, muka hallara. Na dire kwando a gaban Hajiya da kaina. Ta ɗaga latas ta juya shi ta ce ma sha Allah, yanzu duk wannan a buhu? Na ce Hajiya ai noma ilimi ne. Yaya ya yi shiru, na ga abin ya ɗan taɓa shi. Ban san na manta ban ba ƙaramin alawa ba, sai da aka zuba abinci kowa ya ɗau nama, yaron nan ya matsa jikin kakarsa ya nuna cinyar da ke hannunta ya ce "Hajiya wannan ne ya cinye gonar Abba, shi ya sa muka yanka shi."

Ƙanina sai da lemo ya fito masa ta hanci. Hajiya ta gama tauna a nutse ta suɗe ƙashi ta ce "to ai bai yi ƙarya ba, daga gonarsa muka ci, shi ya sa na ji naman ya yi zaƙi." Yaya ya miƙo kwano ya ce uwargida ta taimaka ta ƙara masa fiffiken latas.

Kafin la'asar an canja min suna a guruf ɗin gida zuwa Sarkin Noma, kuma Hajiya ta yanke hukunci a gaban kowa cewa tunda Allah ya ba ni hannun kiwo, daga yanzu kajin Sallah na gidan gaba ɗaya ni zan riƙa kawowa. Na ce to kayan miyan fa, wa zai karɓa? Ta ce wa ya ce an sauke maka.