Gyaran canki-canka ya ishe ni

Ranar Talata da hantsi, ina hawa babban titin Makka zuwa Jidda da mahaifiyata a baya, za mu ga likita, na taka totur don in shiga layi, mota ta shaƙe. Allurar injin ta tsaya cak, motar ta yi kamar an riƙe ta da igiya, ga tirela a madubi tana ta hon. Daƙiƙa biyu ne ko uku kafin ta fizga ta tafi, amma har yau in na tuna salatin da tsohuwa ta yi sai jikina ya yi sanyi. Wannan kuwa bayan na kai motar nan wurin bakanike uku a Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, ana karɓar kuɗina ana cewa an gama.

Ciwon nata ba ɓoyayye ba ne. A silo lafiya lau take, tafiya a miƙe ma ba laifi. Da ka taka da ƙarfi, ko daga danja, ko a hawa, sai ta yi tari ta ja baya kafin ta ɗauka. Haka na yi wa bakaniken farko bayani dalla-dalla. Ko zagaye ɗaya bai yi da ita ba. Ya jona kwamfuta, lambar P0171 ta fito a gabana, ya goge ta, ya ce fulogi ne, bawaji a bakinsu. Na sayi huɗu. Kwana biyu wutar cek, mai nuna matsalar inji, ta dawo. Na koma, ya ce to kwayil ne, mai ba fulogi wuta. Na biyun da na je wurinsa cewa ya yi man 91 nake sha, in koma 95. Mako uku ina zuba jan mai a riyal 2.33 maimakon kore na 2.18, alhali littafin motar 91 ya ce, ba abin da ya sauya. Na uku shi ne ya fi ƙona min rai. Ya daki kujerar baya da hannu ya ce famfon mai ya mutu, ya sauke shi ya sa sabo, bai taɓa ɗaura agogon gwada ƙarfin mai ba. Agogon nan yana rataye a bangon garejinsa, ƙura ta rufe shi, da idona na gani!

Wallahi ba kuɗin kaɗai ke ci min tuwo a ƙwarya ba, duk da sun haura riyal dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma wanda ke biyan haya da sabunta igama, wato takardar izinin zama, ya san nauyinsu. Rainin hankalin ne. Ka yi tambaya a dube ka sheƙeƙe, a ce kai ne mu'allim ko ni? Sun ga Batakrune, wato mutumin Afirka ta Yamma, sun ɗauka ba ya karatu. Lambar da aka goge ai ita ce shaida. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Fulogi ba ya ƙara iska. Wanda ya ga wannan lamba hanya biyu ce a gabansa: ko mai ne ba ya isowa, ko iska na shiga ta inda ba a ƙirga ta ba. Duka biyun ana gwada su kafin a kwance ko noti ɗaya.

Wani maƙwabcinmu a Shara Mansur ne ya haɗa ni da wani dattijo Bahaushe haifaffen Sudan, wanda ya tsufa a kan aikin injin. Na fara jero masa abin da aka canza, ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, bar lissafin nan, tayar min da ita." Ya buɗe bonet, ya sa ni na saka giya na danne burki na ɗan taɓa totur, shi kuma ya sunkuya yana kallo. Ya ce, "Zo ka gani." Baƙar robar nan mai lanƙwasa da ke ɗauko iska daga filta zuwa bakin injin ta tsage a ƙasa, cikin ninki, inda ido ba ya kaiwa. Ya matsa ta da babban yatsa ta buɗe baki kamar kifi. Kujerar injin ɗaya ta saki, don haka duk sanda na taka sai injin ya karkata ya ja robar, tsagar ta buɗe, iska ta kutsa bayan na'urar da ke auna ta. Kwamfuta ba ta san da ita ba, sai ta ba da mai kaɗan, mota ta shaƙe. A silo tsagar a rufe take, shi ya sa take yaudara. Na ce, "Baba, yanzu duk wahalar nan a kan roba ce?" Ya ce zafin Makka da ke wuce digiri 45 ba robar da yake bari, kuma ita ake fara shafawa da hannu. Ya fesa wa na'urar iskar maganin wankinta don ƙura ta dafe ta, ya canza robar da kujerar injin. Washegari na hau hanyar Hada zuwa Ɗa'if don in gwada, ko tari ɗaya ba ta yi ba har sama.

Tsohon famfona yana but, Baba ya gwada shi a gabana, lafiyarsa ƙalau. Na ɗauke shi na koma wurin wanda ya cire shi, na ajiye masa a kan tebur tare da tsagaggiyar robar. Ko kallon robar bai yi ba. Ya ce kayan lantarki in an ɗaura ba a mayarwa, kuma bai ba ni rasiti ba balle in yi magana. Na tsaya ina rawar jiki don baƙin ciki, shi kuwa ya juya wurin wani yaro da ya shigo da mota tana tari irin tawa, ina ji da kunnena yana ce masa bawaji ne.