Ɗan'uwa, kada ka yi wannan yaƙin kai kaɗai

Assalamu alaikum matasanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago. Yau zan taɓo abin da muke ji a hanci mu kawar da kai, wato giya. Kowa a cikinmu ya san wani. Yaro ya baro gida da tarbiyyarsa, ya shigo Legas neman halal, yana dako a kasuwa ko yana bin tirela a Apapa, sai wani ya miƙa masa 'yar leda a tasha ya ce maganin ciwon baya ce. Yau ɗaya, gobe biyu. Kafin shekara ta zagayo, da safe ba ya iya riƙe kofin shayi sai ya tsotsi leda tukuna. Na ga wannan hannun yana rawa a bencin mai shayi, shayin yana zuba a kan wandonsa, yana ta tauna kanumfari don ya kashe wari. Hannun ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mun yi faɗa, mun yi lallashi, ya rantse ba sau ɗaya ba. Sai ya yi kwana huɗu ya koma. Ba don ba ya tsoron Allah ba, wallahi ina jin kukansa da tsakar dare. Jikin ne ya riga ya kamu, kuma duk wanda ke masa nasiha bai taɓa ɗanɗana abin da yake ji ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fara gaya mana cewa akwai zaman da masu wannan lalura ke yi a tsakaninsu. Sunan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ana taƙaita shi da AA. A 1935 aka fara ta a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, lokacin da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, suka gano cewa idan suna zama suna gaya wa juna gaskiya sun fi iya riƙe kansu. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: kana son ka daina sha. Ba kuɗin rajista, ba a tambayar sunan mahaifinka ko unguwarku, sunanka na farko ya isa. Abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin yake tsayawa. Ana zama kamar awa guda, kowa ya faɗi halin da yake ciki, wanda bai shirya ba ya yi shiru, ba mai tilasta masa. Daga baya sai ka zaɓi wanda ya daɗe da dainawa ya zama majingininka, wanda za ka kira ko ƙarfe biyun dare ne idan sha'awar ta taso. Kuma ba sa cewa ka yi alkawarin har abada. Na yau kawai, gobe in Allah ya kai mu a sake ɗaura niyya.

Na san abin da zai tsaya maka a rai. Za ka ji wani zaman a harabar coci ake yinsa. Ɗaki kawai aka ba su. Ƙungiyar ba ta wani addini ba ce, kuma ba wanda zai taɓa maka sallarka. Harshen yakan zama Turanci ko Burokin, amma wanda ya iya ciniki a Mile 12 zai gane. Hanyar samu kuwa, ka tambaya a asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, nan Idi-Araba, ko ka rubuta sunan ƙungiyar da Legas a intanet. Akwai kuma zaman da ake yi ta Zoom a waya.

Ga gargaɗi, ka riƙe shi da kyau. Idan kullum kake sha, har kana wayar gari da karkarwa da gumi, kada ka yanke lokaci guda a ɗaki kai kaɗai. Jikin da ya saba yana iya faɗawa jijjiga irin ta farfaɗiya, ko gane-gane da ruɗewa bayan kwana biyu zuwa uku, kuma wannan yana kisa. Likita farko, sannan zama. Zaman ba ya maye gurbin asibiti.

Mu kuma 'yan'uwa da maƙwabta, mu sassauta harshe. Haramcin giya ba ja, yana nan a Ma'ida aya ta 90. Amma a cikin Bukhari, da wani ya tsine wa sahabin da ake ta kawowa saboda sha, Annabi (SAW) hana shi ya yi, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Gorin "mashayi" a bakin masallaci ƙara tura yaro yake wajen mai leda.

In kunya ta hana ka zuwa, ka nemi zaman da ake kira buɗaɗɗe, shi yana karɓar ɗan rakiya, ka tafi da wanda ka yarda da shi. Ni sau uku na raka nawa, muna hawa danfo ba mai ce wa kowa komai. Ran na huɗu ina neman takalmina ya ce, "Yaya, zauna abinka, na san hanya."