Me ya sa ake karɓe ruwa a jakar hannu a filin jirgin Jidda?

Duk lokacin komawar alhazai sai maganar nan ta sake tashi a tsakanin mutanenmu na Jidda: wai don an ga baƙar fata ne ake ƙwace musu zamzam da turare a wurin bincike. Wanda ya taɓa shan wulaƙanci a wani wuri ba a ga laifinsa ba idan ya yi wannan zato, amma dokar ruwan ba ta kallon fuska.

A watan Agustan 2006 'yan sandan Ingila suka bankaɗo shirin tayar da bam ɗin ruwa, ɓoye cikin kwalaben lemo, a jiragen da za su tashi zuwa Amurka da Kanada. Tun daga nan ƙasashe da yawa suka hana shiga da kwalbar da ta wuce mililita 100 a jakar hannu.

Girman kwalbar ake dubawa. Hajiya ta riƙo babbar kwalbar man zaitun, ko saura kaɗan ne a ciki, za a karɓe, haka ma Baturen da ke bayanta. Da a babban akwati ta sa shi, da ya wuce. Zamzam kuma jarkar lita 5 mai hatimi ake bayarwa tare da kaya.