Kofin da aka ware mata

Jama'a ku yi haƙuri yau zan ɗan ja rubutu. Akwai wata baiwar Allah da na sani, ta kusa shekara goma tana shan maganin HIV, lafiyarta ƙalau, tana sana'arta, yaranta biyu duk an gwada ba su da shi, amma har yau in ta je gidan danginta akwai kofinta daban, in kuwa ta manta ta sha ruwa a wani sai a faki idonta a wanke shi da ruwan zafi. Ta ce min ita kam ƙwayar da take haɗiya kullum ba ta taɓa damunta ba kamar kofin nan.

Abin haushin, duk mun sha ji cewa ba a ɗaukar kanjamau ta kofi ko musabaha ko cizon sauro. Ta jini ne, da saduwa, da daga uwa zuwa jariri. Tun 1988 ake tuna ranar 1 ga Disamba a matsayin ranar kanjamau ta duniya, a maƙala jan ƙyalle a ƙirji, a yi jawabi, a ɗau hoto a watse. Sani kam an sani. To me ya hana kofin nan komawa cikin 'yan uwansa?

Ni dai a ganina tsoro ba ya jin lacca, sai ya ga mutum da idonsa. Kuma ba laifin masu ɓoyewa ba ne fa, a 1998 a Afirka ta Kudu wata mata Gugu Dlamini ta fito fili ta ce tana ɗauke da cutar, cikin watan Disamban nan mutanen unguwarsu suka yi mata dukan da ya zama ajalinta. Wa zai ji wannan ya yi saurin buɗe baki? Sai mutum ya ƙi zuwa gwaji, in ya yi gwajin ya ƙi karɓar magani, in ya karɓa ya juye a wata roba ya ɓare takardar, wani ma ya tsallake asibitin kusa da shi ya tafi mai nisa don kar a gan shi a layi, ranar da ba kuɗin mota shi kenan magani ya yanke.

Shi ya sa nake ganin shirye-shiryen cikin al'umma sun fi duk wata fasta amfani, musamman waɗanda masu cutar ke riƙe da su da kansu. A Yuganda, Noerine Kaleeba mijinta ya rasu da cutar, ta ga irin ƙyamar da aka nuna musu, a 1987 ita da wasu suka kafa TASO, ƙungiyar tallafa wa masu kanjamau, suna haɗuwa suna ɗebe wa juna kewa, suna bin gidaje suna koya wa dangi jinya. A 2001 aka fara wani shiri mai suna mothers2mothers a Kef Tawun, uwa mai cutar da ta haifi ɗa lafiyayye ita ake ɗauka aiki ta zauna da mai cikin da aka gaya wa sakamako yanzu. Likita zai iya ce mata ba magani haɗarin jariri ya ɗauka yana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari, da magani kuma ya sauko ƙasa da kashi 5, za ta gyaɗa kai kawai tana kuka. Amma wata ta ce mata "'yar uwa, ni ma haka aka gaya min, ga yarona can yana makaranta", wallahi wannan daban ne. A Tete ta Mozambik kuma tun 2008 aka haɗa mutane rukuni-rukuni, kamar shida shida, kowane wata ɗaya ya je ya karɓo wa sauran magani.

Inda nake da ƙorafi shi ne yawancin shirin da mai cutar kaɗai ake yi. A zaunar da ita a ƙarfafa mata gwiwa, sannan ta koma gida wajen mijin da surukar da ba wanda ya taɓa zama da su. Su ne fa masu ware kofin. Mazaje nawa suka san cewa in mutum yana shan magani yadda ya kamata har ƙwayar cutar ta daina fitowa a gwaji, ba ya saka wa abokin zamansa ta hanyar saduwa? Wannan magana kaɗai da an kai ta cikin gida da aure da yawa bai mutu ba. Amma da yardar mai cutar, don Allah, ba wai ma'aikaci ya doka sallama da riga mai tambari unguwa duk ta gane ba, ko a kira taro a kafa allo a ƙofa a yi ta ɗaukar hoto don rahoton masu ba da tallafi. Wannan ai tonon silili ne da sunan taimako.

Ita baiwar Allahn nan, cikin danginta kaf yayarta ce kawai ta yarda ta raka ta zaman ƙungiyarsu ta masu cutar, sau ɗaya tak, ta zauna a baya ba ta ce uffan ba har aka tashi. Kofin yana nan har gobe ba a ɗauke ba. Sai dai yanzu in sun haɗu a gidan, yayar da shi take shan ruwa a gaban kowa.