Ku Daina Rubuta "Madogara: Google"

'Yan uwa ɗalibai, don Allah ku daina sa "Madogara: Google" a ƙarƙashin hoto ko cikin manazarta. Google bai rubuta maƙalar ba, bai ɗauki hoton ba. Ɗan jagora ne da ya nuna muku ƙofar gida. Mai gidan yana ciki, kuma haƙƙinsa na wuyanku.

In ka tsinci jimla ba ka san mai ita ba, sa ta tsakanin alamun zance biyu ka nema a Google, zai kawo shafukan da ke ɗauke da ita kalma da kalma. Ƙara filetype:pdf in takarda kake so, ko site: haɗe da adireshi don binciken ya tsaya a wuri ɗaya. Kada ka bar tazara bayan ɗigo biyun, in ka bari umarnin ya lalace.

A Google Scholar, sashen Google na binciken takardun ilimi, ƙarƙashin kowane sakamako akwai maɓallin da ke ba ka madogara a shirye cikin tsarin APA, MLA ko Chicago. Nan ake yawan yin tuntuɓe. Na'ura ce ta tattaro bayanan, tana iya cin shekara, ta bar lambar shafi, ko ta sa sunan mahaifi a gurbin sunan yanka. Buɗe takardar da kanka, ka gwada suna, shekara, mujalla da shafi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba ka karanta ba, kada ka jingina masa magana.

Hoto ya fi shan zalunci. Kasancewarsa a intanet ba izini ba ne. Ɗora shi a Google Lens ko TinEye, manhajojin da ke nemo wuraren da hoto ya bayyana a intanet. Shi TinEye ma yana iya jera sakamako daga mafi daɗewa, abin da kan kusantar da kai ga asalinsa. Ko ka tace bincike zuwa lasisin Creative Commons, wanda ke ba da izinin amfani da aiki bisa sharaɗi, sai ka shiga shafin ka karanta sharaɗin da idonka, don matatar kan yi kuskure. A alamomin lasisin, BY na nufin ka ambaci mai shi, NC ban da kasuwanci, ND kada ka yaɗa shi a sauye.

A ƙarƙashin hoton rubuta abu huɗu: sunansa, wanda ya ɗauka, inda ka samo, da lasisinsa. Ka kuma ajiye ranar da ka buɗe shafin, ka adana kwafinsa a Wayback Machine, ma'ajiyar shafukan intanet, saboda shafin da ka gani yau yana iya ɓacewa kafin malami ya duba aikinka.