Ceton Murya a Ciwon Dajin Maƙogwaro: Sai an Cika Makonni Bakwai

Da an ce wa majinyaci za a cire masa maƙogwaro ya koma numfashi ta rami a wuya, sai ya tattara kayansa ya koma gida. Malamin da ke karantar da almajirai ko ɗan kasuwar da ke cin abinci da bakinsa ba ya ganin rayuwa bayan murya. Akwai wata hanya, amma ba ta kowa ba ce.

Gwajin da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wanda aka wallafa a 1991, ya nuna kusan biyu cikin uku sun tsira da maƙogwaronsu ta hanyar kemo (magungunan kashe ƙwayoyin daji) sannan daga baya gashi (ƙona dajin da hasken na'ura), kuma tsawon rayuwarsu bai gaza na waɗanda aka yi wa tiyata ba. A 2003 wani gwajin ya nuna haɗa su lokaci guda ya fi ceton maƙogwaro. Tsarin shi ne gashi sau 35, Litinin zuwa Juma'a, na makonni bakwai, da allurar maganin kemo mai suna cisplatin a rana ta 1, ta 22 da ta 43.

Nan gizo ke saƙa. Cisplatin yana taɓa ƙoda da ji, don haka sai an duba ƙoda kafin kowace allura, an ƙara ruwa. A zafin Sakkwato na watan Afrilu, mutumin da miki ya cika bakinsa saboda wannan jinya, ya kasa haɗiyar ruwa, ƙodarsa tana cikin haɗari. Ruɓaɓɓen haƙori a cire shi kafin gashi, domin ƙashin muƙamuƙin da aka gasa ba ya warkewa da sauƙi. Idan likita ya ce a sa bututun abinci, kada a ƙi. Taba kuwa a bar ta kwata-kwata.

Babban abin da ke ɓata aikin shi ne katse gashin. Duk kwanakin da aka tsallake, ƙwayoyin dajin na sake hayayyafa. Wanda zai taho Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo daga Illela ko Argungu, dangi su tanadi masauki da kuɗin makonni bakwai tun kafin ranar farko.

Ga gaskiya mai ɗaci: idan dajin ya huda guringuntsin maƙogwaro, ko abinci ya riga yana zarcewa huhu, tiyata ce mafi aminci. Maƙogwaron da aka bari ba ya numfashi ba ya haɗiya bai amfani mai shi ba. Shi ya sa dishewar murya da ta wuce makonni uku take buƙatar likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa ciki, ba zuma da citta ba.